Baki da Baƙi

Litinin, da hantsi

Sabon rumbun ya iso. Ƙarti ne suka hau da shi bene suna nishi, suka ajiye shi kusa da tsohon a ɗakin sanyi, Manaja na biye da su yana "a hankali, a hankali" kamar shi ne ya ɗauko. Rumbu dai sunan da muka sa wa durowar ƙarfen nan mai cike da faifai ke nan, inda gidan rediyonmu ke tara duk abin da ya taɓa fita ta iska. Kowace kwamfuta a ginin nan ta waya take zuwa ta ɗiba daga cikinsa. Tsohon ya gaji. Faifansa ɗaya ya mutu tun bara, fitilarsa ja wur, kuma ranar da na biyu ya bi shi, ba sauran abin da za a iya cirowa.

Aikina shi ne in yi wa sabon fomat, wato in tsara cikinsa, in jona shi, in kwashe kayan tsohon in zuba masa. Ƙarshen wata mutumin kamfani zai zo ya sauya wa tsohon faifai, ya goge shi tas, a mai da shi ma'ajiyar ko-ta-kwana.

Da ma wani watan aka kawo shi, ba wannan ba.

Litinin, da yamma

Yaya ta rubuto. Ta daina kira.

"Auta, kina ina?"

Na rubuta mata ina dakin sanyi. Ko minti ba a yi ba ta dawo: "Wa kika daka? Ɗaki ake cewa. Mai da masa ƙugiyarsa."

Wannan mata ba za ta canza ba. Shekarun da ta yi tana gabatar da shirin Baƙi a gidan nan, har masu karanta labarai sai da ta hana sakat a kan ƙ da ɗ da ɓ. Ta bar aiki tuntuni, amma har yau in na tura mata saƙo sai ta yi min maki. Kuma ba ta taɓa turo saƙon murya ba. Wai muryarta ta aiki ce, ba ta rabawa a waya kamar alewa. A da dariya muke yi mata.

Can ta sake rubutowa: "In kin samu sarari ki kawo min Baƙi. Ko ɗaya ne. Ina so in ji kafin ranar."

Kafin ranar. Haka muke cewa a gida, ba wanda ya taɓa ƙarasa ranar me.

Na ce gobe. Na buɗe tsohon rumbun, ga jakar fayilolin shirin nan da sunanta, baƙi. Da aka juye tsoffin kaset aka zubar da su, nan kaɗai shirin ya rage a duniya. Kwafa ba za ta ɗauke ni komai ba. Na rufe. Na ce bari a gama ƙaura tukuna, sai in haɗa mata duka gaba ɗaya.

Talata, tsakar rana

Na yi fomat. Kafin ya fara sai da ya jero min tambayoyi. Gurbin ajiya manya zai yanka ko ƙanana? Manya, tunda sauti za a zuba, ba wasiƙu ba. Ya bambanta babban harafi da ƙarami a sunan fayil? Ya bambanta. Sai ya rubuto da ja cewa abin da na zaɓa ba ya sauyuwa sai an sake goge komai. Na tabbata?

Na zauna ina kallon tambayar nan. Kwanan nan kowa ita yake yi. Likita ma ita ya yi wa Yaya kafin ya tura mata takarda ta sa hannu.

Abokin aikina Yanzu-yanzu ya leƙo ta kafaɗata. Mu biyu ne kawai a sashen, kuma sunan nasa shi ya ja wa kansa, don duk abin da ka tambaye shi, ko na shekara ne, amsarsa ke nan.

"Injiniya, danna mana. Ba aure za a ɗaura ba."

Na danna.

Laraba, bayan mun dawo daga asibiti

Ban je ofis ba, ni na raka Yaya gwaji. Na bar wa Yanzu-yanzu jonawa da kwafa. Na ce ya bi takardar da kamfani ya turo, in wani abu ya ƙi ya kira ni. Bai kira ba.

Likita ya zana mana maƙogwaro a bayan wata takarda, ya kewaye wani wuri da biro. Ya ce bayan aikin za ta ci, za ta sha, za ta yi tafiya, za ta koma harkokinta. Ya yi ta jero abubuwan da za ta yi. Na jira ya faɗi ɗayan, bai faɗa ba.

A mota ta ce wa mijinta da ke tuƙi, "Rage gudu." Kalma biyu, amma sai da ta dafe wuya. Muryar ta koma kamar ana jan buhu a kan siminti. Na ƙara sautin rediyo, sai na ga abin da na yi, na kashe.

Mun tarar da Goggo, ƙanwar babanmu, zaune a barandar gidan da filas a cinya. Yaya ta hango ta tun daga geti, ta kwanta a kujerar baya ta ce wa mijinta da hannu ya zagaya ta baya. Ni aka tura in ce tana barci.

"Barci a mota?" in ji Goggo. "Ke Auta, ni na yi wa uwarki wankan jegonki, kar ki raina min hankali."

"Goggo, ki yi haƙuri. Ba ta son baƙi."

"Ni ce baƙuwar?"

Ta ajiye filas ɗin ta tafi, ta ce gobe ma tana nan. Matar da ta yi shekaru tana buɗe shirinta da "ƙofa a buɗe take, baƙi ku shigo" ita ce yau take ɓuya a bayan mota.

Alhamis, da safe

Yanzu-yanzu ya tarbe ni a matakala yana washe baki. An gama. Komai ya koma sabon rumbu, sutudiyo ma daga can suke ɗiba. Manaja ya zo da kansa ya kashe tsohon, wai yana cin wuta a banza.

Tsohon faifai ba ya son a kashe shi. Muddin yana juyawa zai yi ta juyawa, in ya tsaya ya huce ne ba a san ko zai tashi ba. Amma tunda an kwashe komai, me ya dame ni? Haka na ce wa kaina har sau nawa.

Juma'a, da rana

Ta rubuto: "Goben taki ba ta yi ba?"

Asabar, da hantsi

Na shigo ofis ba kowa. Na ce yau sai na yi, ko me zan ji.

Babu jakar baƙi a sabon rumbu. Na duba sama, na duba ƙasa. Akwai dai baki, ba ƙugiya. Na ce to, sunan ne ya goge, ba komai. Ciki ga su nan: kashi 1, kashi 2, kashi 3, yadda mai juye kaset ya sa wa komai suna. Na sa abin kunne, na riƙe numfashi, na danna na farko.

Ganga. Sai wasu 'yan mata suka rangaɗa: "Haƙora fari fat, numfashi sai ƙamshi!"

Tallar man goge baki.

Na danna na biyu, ita ce. Na uku, ita ce da muryar namiji. Na bi su duka har ƙarshe, ina dannawa kamar wadda aka sa dole. Ba Yaya ko a ɗaya.

Na yi dariya, wallahi na yi, ni kaɗai a ɗakin sanyi. Daga nan ban san lokacin da ta juye ba.

Lahadi, da yamma

Ban gaya mata ba. Na ce kwafa ce ke da nauyi.

Litinin, da safe

Na tsare Yanzu-yanzu kafin ya ajiye jakarsa. Da ya ga fuskata ya sha jinin jikinsa.

"Me ka yi wa sunayen?"

"Wane sunaye? Au, wannan. Injiniya, ƙaramin abu ne. Sabon rumbun ne ya ƙi karɓar duk sunan da ke da ƙugiya, sai ya yi ta tsayawa. Na ce kina asibiti, kar in dame ki. Sai na sa kwafar ta riƙa cire musu ƙugiyar tana wucewa. Ai ko a waya ba ma sawa, kuma kowa na ganewa."

"Kowa na ganewa. Shi rumbun kowa ne?"

Na zaunar da shi na nuna masa. A tsohon rumbu jaka biyu ce. Baki ta 'yan talla ce, baƙi ta Yaya. A jeri k ke gaba da ƙ, don haka man goge baki ya riga shiga ya zauna. Da aka zo kan na Yaya, aka cire musu ƙugiya, suka zama baki su ma, suka tarar akwai kashi 1, akwai kashi 2, duk gurbin a cike. Shi kuma ya sa wa kwafar cewa in ta ga suna ya riga ya zauna, ta tsallake. Ta tsallake su duka ba ta ce uffan ba.

Maganin kuma kalma ɗaya ce a layin jonawa, utf8, wadda ke gaya wa injin da wane irin haruffa ake magana. Takardar kamfani ba ta sa ba, don wanda ya rubuta ta bai taɓa ganin ƙ ba a rayuwarsa. Na ƙara kalmar, na sake jonawa, na buɗe sabuwar jaka na sa mata suna ƙɗɓ don gwaji. Ta zauna daram.

Ya yi tsuru-tsuru. Can ya ce, "Amma ai suna nan a tsohon. Yanzu-yan..." sai ya haɗiye sauran.

Na so in zage shi. Ban iya ba, don ni ma haka nake rubutu a waya.

Litinin, da la'asar

Na je wurin Manaja neman izinin kunna tsohon. Ya ce mutumin kamfani ya matso da zuwansa, jibi zai zo.

"Yallaɓai, a ɗaga min."

"A kan me? Kun ce kun gama."

"Wasu fayiloli ba su wuce ba."

"Wane iri? In na labarai ne ku bari, ba mai nema."

Na tsaya ina kallon kalandar da ke bayansa. Ya cire tabarau ya ce wane shiri ne. Na faɗa.

Na manta shi ne mai haɗa mata sauti a da, tun bai yi tumbi ba. Ya ce ya je gidan har sau biyu an ce tana barci.

"Yaushe ne aikin?"

"Litinin mai zuwa."

"Zan ce wa mutumin kamfani ba mu shirya ba. Je ki kunna."

Talata, da hantsi

Tsohon rumbun ya tashi. Sai da ya yi wani irin gurnani, amma ya tashi. Fitilu kore, ɗaya ja ta da, sai wata a jere na ƙasa da ta koma ruwan lemo. A da ba haka take ba. In ka kara kunne za ka ji yana ƙas, ƙas, ƙas.

Na jona shi a karatu kawai, ba rubutu, don kar wani abu ya taɓa shi. Jakar na nan da ƙugiyarta. Na ga sunan na ji kamar in rungume injin.

Na fara kwafa. Ta ɗan taɓa, ta tsaya.

Talata, bayan azahar

Tsaye take.

Talata, dab da tashi

Jonawa iri biyu ce. Akwai wadda in rumbu bai amsa ba za ta yi ta tambaya har abada, ta daskarar da kwamfutar gaba ɗaya tana jira. Akwai wadda za ta tambaya sau kaɗan, in shiru ta ce ba ta samu ba, ta wuce. Ni na sa musu suna mai naci da mai haƙura. A aji an koya mana cewa in kayan masu daraja ne, mai naci ake sawa. Ita na sa.

Tun safe take naci a wuri ɗaya. Faifan mai ruwan lemo ya zo kan wani tabo ya kasa karantawa, ita kuma ta ƙi matsawa. Kwamfutata ta sandare, ko linzami ba ya motsi. Na kashe na kunna, na sake, ta koma daidai wurin ta tsaya.

Yanzu-yanzu ya kawo fanka daga gidansu ya saita ta a bayan rumbun. Ya kawo min shayi, ya huce a inda ya ajiye.

Laraba, da safe

Ƙas, ƙas, ƙas. Har a mota nake ji.

Laraba, da yamma

Goggo ta zo, an ce tana barci. Filas ɗinta sun fara taruwa a kicin ɗin Yaya, mijin ya rasa inda zai sa su.

Yaya ta rubuto: "Auta." Shi ke nan. Na ga tana rubutu, ta goge, tana rubutu, ta goge. Na kifa wayar.

Gaskiyar ita ce ranar Litinin ɗin farko da na buɗe jakar nan, tsoro ne ya hana ni. In na kai mata muryarta a filashi, na yarda ke nan cewa can za ta koma da zama. Ban yarda ba. Har yanzu ban yarda ba.

Alhamis, tsakar rana

Wuni biyu cur mai naci na tsaye a tabo ɗaya, kuma duk tambayar da take maimaitawa faifan take ƙara gajiyarwa. Na sani. Tun shekaranjiya na sani. Amma in na koma mai haƙura, duk inda ya ƙi karantuwa za a tsallake, shirin zai fito da ramuka. Ni kuma duka nake so. Ba na son rabi, ba na son mai rami, duka nake so yadda yake.

Yanzu-yanzu ya ce, a hankali kamar mai tsoron duka, "Injiniya, ko mu karɓi abin da ya samu?"

Na ce ya fita. Ya fita ya tsaya a bakin ƙofa, ina ganin takalminsa ta ƙasa.

Juma'a, da hantsi

Na sauya layin. Mai haƙura, karatu kawai, kuma ta riƙa ɗiba ƙanana-ƙanana kamar mai ba mara lafiya ruwa da cokali. In wuri ya ƙi, ta bar shi ta ci gaba. Na ce ta fara da kashi 1 daga farkonsa.

Tana tafiya. Tafiyar hawainiya, amma tana yi.

Asabar, da yamma

Na gaya mata.

Ban shirya ba. Na je kai mata rigunan da za ta tafi da su asibiti, tana zaune a bakin gado tana ninke ɗankwali. Ta ɗago ta dube ni, irin kallon da take min tun ina ƙarama in na fasa kofi na ɓoye. Ta nuna min gefen gadon. Na zauna na zazzage mata komai: rumbu, ƙugiya, Yanzu-yanzu, tsallakewa. Da na zo kan tallar har waƙar na rera mata, ban san me ya hau kaina ba.

Sai kafaɗunta suka fara rawa. Dariya take, ba sauti, hawaye na zuba, tana dukan katifa. Tari ya sarƙe ta, mijin ya shigo a guje, ta kore shi da hannu.

Da ta lafa ta kamo hannuna, ta yi magana da bakinta, ba a waya ba.

"Shekara nawa... ina gaya muku."

"Yaya, ki daina magana."

"Jibi zan daina."

Ita ta faɗa. Duk gidan an kasa, ita ta faɗa. Na kwantar da kaina a cinyarta na yi kuka kamar ba ni ce ake kira Injiniya ba. Tana shafa kaina tana ƙwanƙwasa min shi da yatsa, wai ƙugiya take sa min.

Na ce kafin Litinin zan kawo. Ta girgiza kai. Ta ɗauki waya ta rubuta: "Kar ki yi min alƙawari. Ranar kuma ba na son ganinki a baranda kina zarya. Ki je ki zauna da injinki."

Lahadi, da rana

Na leƙa ofis in ga kwafar. Tana tafiya. Abin da ya sauko bai kai a buɗe ba tukuna, in na taɓa zan iya katse ta. Na zauna na tashi, na zauna na tashi. Na share ɗakin sanyi, abin da ban taɓa yi ba.

Litinin, da sassafe

Sun shiga da ita.

Litinin, da hantsi

Ƙas, ƙas. Ina duba waya, ina duba fitila. Mijin ya ce ba labari tukuna. Na goge allon kwamfuta. Na sake gogewa.

Litinin, wajen azahar

Ƙarar ta tsaya. Na ɗago, ruwan lemon ya koma ja. Ja biyu. Mai haƙura ta tambaya, ta sake tambaya, ta rubuto cewa rumbu ba ya amsawa, ta saki.

Shi ke nan. Kashi 2 da duk na bayansa sun tafi. Abin da ke hannuna guntun kashi 1 ne, farkonsa.

Yanzu-yanzu ya kashe fankarsa ya naɗe wayar. Ya ce, "Ki yafe min." Na ce ya je ya ci abinci.

Ban buɗe ba. Ba zan ji ta ba alhali tana can a kwance ana yi.

Litinin, da la'asar

Ta fito. Mijin ya ce an yi nasara. Haka likita ya ce, an yi nasara.

Laraba, da yamma

Na gan ta. Bandeji a wuya, ƙaramin bututu, robar ruwa a hannu. An ajiye mata allo fari da alƙalami a gefen gado, ba ta taɓa su ba. Nas ta ce in bakinta ya bushe a jiƙa auduga a shafa mata a leɓe. Na yi, ba ta dube ni ba. Fuskarta na bango.

A baranda Goggo ta kafa zama a benci, da filas. Ta ce ba inda za ta, in barci ne ita ma ta iya. Mijin ya ce umarninta na nan, ba mai shiga sai ni da shi.

Filashin na cikin jakata. Ban fito da shi ba.

Alhamis, da safe

Mutumin kamfani ya zo ya goge tsohon rumbu. Ya tambaye ni na tabbata, na ce goge.

Na gyara sauran sunayen da suka rasa ƙugiya, ɗaya bayan ɗaya. Na rubuta layin jonawa daidai na manna a jikin ƙofar rumbun da babban rubutu. Yanzu-yanzu ya turo min saƙo, ya sa wa kowace kalma ƙugiya har inda ba a sawa.

Juma'a, da rana

Na saurara ni kaɗai. Ba tsawo. Akwai wurare biyu da sautin ya ɗauke ya dawo. Amma ita ce.

Ban san ko in kai ba. In ta ji ta ƙara juya wa bango fa? Na fita da mota na zagaya asibitin na koma ofis.

Asabar, da yamma

Yau benci ya cika. Goggo, da Manaja da ledar lemo a hannu, da Yanzu-yanzu a can ƙarshe yana kallon takalminsa. Manaja ya ce kar in ce suna nan, zama kawai suka zo yi.

Na shiga na rufe ƙofa. Fuskarta na bango. Na ce, "Yaya, ba duka na samo ba. Kaɗan ne, kuma da ramuka." Ba ta motsa ba. Na ajiye wayata, inda na zuba guntun, a kan filo kusa da kunnenta na danna, kafin in sake tunani.

Kiɗan buɗe shiri. Sai muryar nan ta cika ɗakin, garau, mai faɗi, tana murmushi a cikinta yadda na manta tana yi: "Masu saurare, barkanmu da war haka. Ƙofa a buɗe take, baƙi ku shigo."

Ta rufe ido. Na ga yatsunta sun damƙe zanin gado. Ta ji har inda ya ɗauke, ya dawo, ya ƙare a tsakiyar wata tambaya da take yi wa wani likitan dabbobi. Ta ɗaga yatsa ɗaya. Na sake sawa. Leɓenta na bin kalmomin, ba ta kuskure ko ɗaya ba.

Da ya ƙare karo na biyu ta juyo. Ta miƙa hannu wajen allon. Na ba ta. Hannun da robar ruwa ne, rubutun ya fito a karkace, harafi huɗu: baki.

Na zabura na ɗauko auduga da kofin ruwa. Ina jiƙawa ina cewa sannu Yaya, yanzu zan shafa miki, sai na ji ƙwas a bayan hannuna. Da alƙalamin ta buge ni. Ta ɗaga allon daidai fuskata, ta tabbatar ina kallo, idonta jajir amma da tsiyar nan tata a ciki. Sannan a hankali, kamar mai koya wa 'yar aji ɗaya, ta ɗora alƙalamin a kan k ɗin ta lanƙwasa masa kai.

Na tsaya da auduga a hannu, ruwa na ɗiga a ƙafata.

Ta nuna ƙofa da haɓa.

Na buɗe. Goggo ta riga kowa miƙewa, tana gyara mayafi tana cewa, "Ta tashi daga barcin?"

Na ce ta tashi, ku shigo.